Me zan rubuta a jerin kayan jariri da 'yan uwa za su saya mini?

Wata mai juna biyu ce ta aiko da tambaya. Cikin fari ne, ya shiga wata 7, 'yan uwa da ƙawaye suna ta tambayar ta abin da za su kawo mata. An ba ta shawara ta rubuta jerin kayan da take buƙata, kowa ya zaɓi wanda zai iya. Da ta leƙa intanet sai ta tarar da kaya ba iyaka, kowanne ana cewa dole ne. Tana son ta san wanne ne dolen gaske, guda nawa za ta nema, wanne ne kuma ɓarnar kuɗi.

Allah ya sauke ki lafiya, 'yar uwa. Wanda ya ce ki rubuta jeri ya ba ki shawara mai kyau. In aka bar masu kyauta da zaɓin kansu, abin da ya ɗauki ido suke saya: 'yan riguna masu ado, ƙananan takalma, barguna uku ko huɗu. Ɗaki zai cika da kaya, amma daren da jikin yaro ya yi zafi a rasa ma'aunin da za a gwada shi.

Ki rubuta jerin don wata 3 na farko kawai, in ban da tufafi. A wannan tsakani aikin jariri bai wuce barci da shan nono da ɓata kunzugu ba, sai kuma a ɗauke shi a kai shi asibiti ko unguwa. Duk kayan da ba su taimaka wa ɗaya daga cikin waɗannan ba za su iya jira, kuma da yawansu in lokacin ya zo za ki ga ba ki ma bukatar su.

Ki fara da wurin kwanciya, domin nan ne kuskure ya fi tsada. Abin da ake nema gado ne nasa shi kaɗai, da katifa mai tauri a shimfiɗe sosai, da zanin gado mai roba a gefe wanda ya kama katifar tsam. Shi ke nan. Ba matashi, ba bargo mai kauri, ba 'yar tsana, ba tattausan soso da ake zagaye cikin gado da shi. A kwantar da shi rigingine a kowane barci, na dare da na rana, har ya cika shekara. Kan jariri yana da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba, hanyar numfashinsa kuma ƙarama ce ƙwarai. In fuskarsa ta nutse cikin abu mai laushi ba shi da ƙarfin ɗago ta, sai ya riƙa shaƙar iskar da ya fitar. In kuma aka kwantar da shi a wuri mai gangare, kansa kan faɗo gaba, haɓa ta danne ƙirji, hanyar iska ta matse. Wannan ya sa a 2022 Amurka ta kafa dokar da ta haramta sayar da soson gefen gado da kuma magadan jarirai masu gangare, bayan an yi asarar rayukan yara a cikinsu. Har yanzu ana tallar irin waɗannan kaya a wurare da dama, suna da kyan gani, kuma su ne masu kyauta suka fi sha'awa. Ki rubuta ƙarara a jerinki cewa ba kya so.

Wajen zaɓen gadon, a duba abu uku da hannu. Tazarar da ke tsakanin sandunansa kada ta wuce santimita 6, don kada jikin yaro ya zurma ta ciki kansa ya maƙale. A danna katifar da tafin hannu: in ta lotsa ta bar sawun hannun, ta yi laushi da yawa. Sannan a tura katifar gefe ɗaya a zura yatsu a ɗaya gefen. In fiye da yatsu biyu sun shiga tsakaninta da jikin gadon, ba girmanta ba ne. A guji tsohon gadon da gefensa ɗaya yake sauka ya hau, domin in maƙallansa suka saki yaro kan faɗa cikin ratar. Amurka ta hana sayar da irinsa tun 2011. Ƙaramin kwandon kwanciya yana da daɗin ajiyewa kusa da gadonki, amma daga wata 4 zuwa 6 yaro ya fi ƙarfinsa. In ɗaya kawai za a iya saya, babban gadon ya fi. Ki ajiye shi a ɗakin da kike kwana aƙalla wata 6 na farko. Zanin gado 3 sun isa, ɗaya a shimfiɗe, ɗaya a wanki, ɗaya a ajiye, da abin kare katifa daga jiƙewa guda 2. Inda ake fama da sauro a ƙara gidan sauro, a ɗaure shi sama, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa yadda ba zai zubo wa yaro a fuska ba.

To da me za a rufe shi in ana sanyi? Akwai rigar barci marar hannu mai zif, wadda ƙasanta a rufe yake. Ki nemi guda 2, ki tabbata wuyanta bai yi faɗin da kan yaro zai zame ciki ba, kada kuma ki karɓi wadda aka ƙara mata nauyi wai don yaro ya daɗe yana barci. Ki ƙara sirantan zannuwan auduga 4, kowanne wajen mita ɗaya tsawo da faɗi. Da su ake naɗe jariri, a shimfiɗa masa, a goge shi, a yi masa inuwa. In za a naɗe shi a bar ƙugu da ƙafafu sakwa-sakwa yadda zai iya lanƙwasa su, domin matse ƙafafu a miƙe yana ɓata gaɓar ƙugu. Ranar da ya fara yunƙurin juyawa, sau da yawa tsakanin wata 2 zuwa 4, a daina naɗewar gaba ɗaya.

Tufafi su ne aka fi yin ɓarna a kansu. Yawancin jarirai suna ninka nauyin haihuwarsu kafin wajen wata 5, saboda haka mafi ƙanƙantar riguna mako biyu ko uku kawai suke yi, wani yaron ma tun ranar farko ba sa shigarsa. Na sabon haihuwa guda 3 ko 4 sun wadatar. Na wata 0 zuwa 3 ki nemi 'yar ciki mai maɓalli a ƙasa guda 6 zuwa 8, doguwar riga mai haɗe da wando 5 ko 6, safa ƙafa 4, hula 2. Ki rubuta kusan haka a girman wata 3 zuwa 6, wanda masu kyauta ba su cika tunawa da shi ba. Ki lissafa yanayin da za a shiga lokacin da zai kai wannan girman, kada rigar sanyi ta yi masa daidai a tsakiyar zafi. In ba kullum za ki samu yin wanki ba, ki ƙara kaɗan a kan waɗannan adadi.

Ɗinkin rigar ya fi adonta muhimmanci. Ki dubi wuyan 'yar ciki: mai ninki biyu a kafaɗa tana buɗewa sosai, kuma amfaninta shi ne ranar da kashi ya tsallake kunzugu ya hau baya, sai a zare ta ta ƙasa, ba sai an bi da ita ta kan fuska ba. Rigar dare mai zif ta fi mai maɓallai goma sha, musamman wadda zif ɗinta ke buɗewa daga ƙasa, don a canja kunzugu ba tare da an tuɓe ƙirji ba. Maɓalli a baya yana danne mai kwanciya rigingine. Igiya a wuya, duwatsun ado da ƙananan maɓallan da za su iya cirewa duk haɗari ne. Ki riƙa juya safa ki yanke zaren da ya saki, domin zare ko gashi guda yana iya naɗe ɗan yatsan ƙafa har ya tsayar da jini. Auduga ta fi. Takalmi kuwa ba shi da aiki sai yaro ya fara tafiya.

A makonnin farko jariri kan ɓata kunzugu 8 zuwa 12 a rana, wato wajen 300 a watan farko. Wannan ita ce kyautar da ba ta yin yawa, amma a yi hattara da girma. Famfas da nauyin yaro ake zaɓensa, ba da watanninsa ba, kuma nauyin yana rubuce a jikin ledar. Ki nemi leda ɗaya ko biyu ta sabon haihuwa, sauran a kawo lamba 1 da lamba 2. Kada a tara miki iri ɗaya da yawa kafin ki gwada, domin wani yana yoyo a jikin wani yaron, wani kuma yana fesa masa ƙuraje. In kika ga jan sawu a cinya, ko kashi yana yawan fita ta baya, lokacin ƙarin lamba ya yi. Yoyo ta gefe kuwa galibi tattarar bakin cinya ce ta shige ciki. A sa yatsa a fito da ita bayan an ɗaura. Kafin cibiya ta faɗi a riƙa ninke saman famfas ɗin ƙasa da ita. In nafkin na wanki za ki yi amfani da shi, ki nemi 24 idan za a yi wanki duk bayan kwana biyu, da wandon roba 4 zuwa 6, da bokiti mai murfi. A ɗauraye sabulu sosai, kada a zuba ruwan tausasa tufafi don yana hana nafkin shan ruwa, a shanya a rana.

Don tsarki, auduga da ruwan ɗumi sun isa a makonnin farko. In tishu mai danshi ne, marar turare. Ki ƙara man kare fata guda ɗaya, basilin ko mai sinadarin zinc, da tabarmar canja kunzugu mai gogewa. Teburin canja kunzugu ba dole ba ne, a ƙasa ma ya fi aminci, tun da daga ƙasa ba a faɗowa. Hoda kuwa ki cire ta. Ƙurarta tana shiga huhun jariri, kuma ba ta maganin ƙurajen da ake zuba ta dominsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a ƙarawa. In haka kika yi niyya, kayan shayarwa kaɗan ne: ƙyallayen goge tumbiɗi 8 zuwa 10, audugar tare zubar nono, da rigar nono ta masu shayarwa 2 ko 3 wadda za ki gwada a ƙarshen ciki, domin girman zai canja. Man shafa kan nono yana iya rage zafi, amma ki sani tsagewar kan nono galibi daga yadda yaro ya kama ne. In ya kama kan kawai bai cika baki da kewayen ba, babu man da zai gyara, sai ungozoma ta gyara miki kamun. Na'urar tatsar nono mai lantarki ki dakata da ita sai kin ga ko za ki koma aiki ko makaranta da wuri. Ƙarama ta hannu da fida 2 ko 3 masu cin mililita 120 zuwa 150, masu ƙaramin huji, sun isa farawa. Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗaki marar zafi, kwana 4 a firji.

In madarar gwangwani za a ba shi, lissafin ya canja: fida 6 zuwa 8, burushin wanke su, da tukunya ta musamman da za a riƙa tafasa su minti 10. Garin madara ba a raba shi da ƙwayoyin cuta ɗari bisa ɗari, shi ya sa ake dama shi da tafasasshen ruwan da zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, sannan a huce. Ruwa ake fara zubawa kafin gari, cokalin gwangwanin a share bakinsa daidai, ba tozo. Abin da yaro ya sha ya rage a zubar. Kada a saya miki gwangwani da yawa tun kafin a haihu, kuma kada ki karɓi abin da ke riƙe wa jariri fida a baki, yana iya ƙwarewa ba wanda ya gani.

Akwai ƙaramin akwati da ba wanda yake sha'awar kawowa, alhali ya fi rabin kayan ɗakin amfani. A ciki a sa ma'aunin zafin jiki mai nuna lamba, wanda ake sawa a hamata. Na kunne ba ya ba da daidai kafin wata 6, na gilashi mai ruwan zaiba kuma yana fashewa. Ki riƙe wannan lamba: jaririn da bai kai wata 3 ba, in zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti za a nufa nan take, ba a ba shi magani a gida a jira safiya. Saboda haka ba ma son a sa magunguna a jerin kyauta; in likita ya rubuta, da sirinjin awo ake bayarwa, ba da cokali ba. Sai ruwan gishirin ɗiga wa hanci da 'yar robar zuƙe majina, da abin goge farce ko ƙaramin abin yankansa, a yi aikin yana barci. Cibiya tsabta da bushewa take so, takan faɗi cikin mako 1 zuwa 3. In asibitinku suna bayar da maganin cibiya na chlorhexidine, ki yi amfani da shi yadda suka nuna, ki ware shi nesa da maganin ido, domin in ya shiga ido yana iya makantarwa.

Wanka ba ya cin kaya. Robar wanka, tawul mai laushi 2, ƙananan ƙyallaye, sabulu marar turare guda ɗaya. Ruwan ya zama ɗumi wajen digiri 37, a gwada da gwiwar hannu. Kujerar zama cikin ruwa ba ta tsare yaro. Hannun babba ne yake tsare shi, kuma ba a barin sa ko na ƙiftawar ido.

In za a riƙa shiga mota da shi, kujerar mota ta jarirai tana sahun gado wajen muhimmanci, kuma tun ranar fitowa daga asibiti ake bukatar ta. Hannun uwa ba ya iya riƙe yaro a lokacin karo, komai ƙarfin riƙon. Kujerar tana kallon baya, a kujerar bayan mota, don in an yi karo bayanta ya tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Ba a taɓa ɗaura ta a gaba inda jakar iska, wadda ke kumbura ta fito lokacin karo, take aiki. Kafin a saya a tabbata tana zama a motarku, domin ba kowace ke shiga kowace mota ba. Bayan an ɗaure ta a girgiza ta daga gindi. Kada ta motsa fiye da santimita 2 da rabi. Igiyoyin kafaɗa su fito daidai kafaɗar yaro ko ƙasa da ita kaɗan, a ja su har ki kasa tsunkulo ninki a kansu. Riga mai kauri a cire kafin a ɗaure shi, a rufa masa daga sama, don kaurin yana lotsewa a bar igiya sako-sako. Kujerar nan tana da ranar ƙarewa a jikinta, kuma wadda ta taɓa shiga haɗari ta gama aiki ko da ba a ga tsaga ba, shi ya sa ba a sayen ta hannu a wurin wanda ba a sani ba. In an iso gida yana barci a ciki, a mayar da shi gadonsa.

Abin goyo, ko zani ne ko mai maɗauri, sharaɗinsa ɗaya: fuska a buɗe, haɓa ba ta danne ƙirji ba, kai yana da tallafi, gwiwoyi sun ɗan fi ɗuwawu tsayi. Keken tura jariri ya danganta da hanyoyin da kike bi. In za a saya, ya zama mai kwantawa sosai don 'yan ƙasa da wata 6, mai birki, kuma ki gwada naɗe shi da ɗaga shi da kanki tukuna.

Keken koyon tafiya ki soke shi ko da an kawo kyauta. Ba ya sa yaro tafiya da wuri, yana dai kai shi bakin matakala da wurin ruwan zafi cikin saurin da babba ba zai cim masa ba. Kanada ta haramta shi tun 2004. Haka sarƙar wuya da ake cewa tana sauƙaƙa haƙori, tana iya shaƙe shi ko ƙwayarta ta tsinke ya haɗiye. Na'urorin da ake ɗaura wa jariri a ƙafa don auna numfashi ba a tabbatar suna hana mutuwar fuju'a a cikin barci ba. Kujerar cin abinci da kwanuka da cokula sai wata 6.

Kada ki manta da kanki a jerin. Jinin biƙi yana iya kai mako 4 zuwa 6, saboda haka ki rubuta manyan audugar mata ta masu jego fakiti 3 ko 4, manyan kamfai na auduga masu hawa sama da mara (in aka yi tiyata ba za su goge ɗinkin ba), riguna masu buɗewa ta gaba, gorar ruwa, da 'yar fitila marar haske sosai don shayarwar dare. Ba laifi ba ne kuma ki rubuta abin da ba a saya a kanti: mai taya wanki a makon farko, mai riƙe yaro ki samu barcin awa biyu.

Wajen rubutawa ki fayyace komai. “Kayan sawa” ba bayani ba ne. Ki ce “'yar ciki ta auduga, wata 3 zuwa 6, guda 6”. Ki haɗa masu araha da masu tsada don kowa ya samu daidai ƙarfinsa, gado da kujerar mota kuma mutum uku ko huɗu su haɗa hannu. A sa mutum ɗaya ya riƙe jerin yana soke abin da aka ɗauka, in ba haka ba robar wanka uku za ki samu. Tufafi da robar wanka da keke na hannu ba su da laifi in suna da lafiya. Katifa da kan fida da kujerar mota sababbi suka fi. Manyan tufafi kada ki cire musu takarda, ki adana rasit ko za a bukaci canji.

Ki yi ƙoƙari komai ya kammala kafin mako na 36, domin daga mako na 37 haihuwa tana iya zuwa kowace rana. A wanke tufafin farko da zannuwan gado da sabulu marar ƙamshi, a cire katifa daga ledarta ta sha iska, a haɗa gadon a bi kowace ƙusa a ƙara ɗaure ta, sannan maigida ya ɗaura kujerar motar ya kwance ya sake ɗaurawa har hannunsa ya saba.